Corolla mai kakkarwa a Bauchi: abin da gejin matsi ya gani kafin a kwance inji

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu a jere. Mai ita ma'aikaciyar lafiya ce da ke zaune a Yelwa cikin garin Bauchi, tana aiki a wajen Alkaleri kan hanyar Gombe. Ƙaninta ne direba: ya kai ta da safe, ya ɗan kwashi fasinja a tsakani, ya ɗauko ta da yamma. Mota ce da ba ta san hutu ba. Agogonta ya haura mil 190,000, in ma ba a taɓa juya shi baya ba kafin ta baro Kwatano.

A ƙarshen hunturu ta fara kakkarwa a sulo. In an tsaya a shataletalen Wunti sitiyari sai ya riƙa rawa a hannu, in an kunna esi kuma kamar za ta mutu. Da an taka totur an hau titi sai abin ya lafa, amma a hawa ba ta da ƙarfin da aka san ta da shi, ga shan mai ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai motar da ke wasa da wannan magana ta ƙarshe. Wutar cek ta kama, wani lokaci har tana ƙiftawa. Akwai kuma tsohuwar matsala da ta riga wannan: motar tana shan baƙin mai, kuma da safe in an tayar da ita takan fitar da shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci.

Gareji uku ta zaga kafin ta zo inda aka yi mata gwajin matsin silinda. A na farko an sauya fulogi huɗu. A na biyu an sa mata kwamfuta, ta nuna P0303, wato silinda ta uku ba ta cin wuta yadda ya kamata. Aka saya mata koyil ɗan Beljiyam, aka wanke nozul, aka goge lambar. Ba su kai gida ba wutar ta dawo. A na uku bakaniken ya buɗe murfin baƙin mai, ya ɗora tafin hannu a baki, ya leƙa salansa, ya yanke hukunci: zoben fistan ya tafi, ko a yi mata ringin, wato a sauya zobban, ko a sayo injin Beljiyam a huta. Har an fara buga waya Kofar Ruwa a Kano ana tambayar farashi.

Babu ɗaya daga cikin ukun da za a ce ya yi hauka. Fulogi da koyil su ne suka fi yawan jawo misin, wato silinda ta ƙi cin wuta, kuma motar da ke hayaƙi tana shan baƙin mai dole a zargi zobenta. Abin da ya haɗa su shi ne kowa ya sayi kaya, ko ya ce a saya, kafin ya auna.

Abin da ake aunawa

Silinda ba ta aiki sai abu uku sun haɗu: wuta, mai, da matsi. Fistan ya sauka ya shaƙi iska da fetur, bawul su rufe, ya hau ya matse su a ɗan ƙaramin ɗaki da ke ƙarƙashin tof, wato kan injin, sannan fulogi ya kyasta. A wannan injin kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 448, a matse ta cikin ɗakin da bai wuce cc 50 ba, shi ne ake cewa 10 da 1. Duk wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna ya san yadda abin yake: in fatar ciki tana da kyau hannu zai ji turjiya, in ta cinye sai sandar ta zarce ba nauyi. Abubuwa uku ne ke riƙe iskar nan a inji: zobban fistan daga ƙasa, bawul daga sama, gaskit a tsakanin tof da bulok. Ɗaya ya saki, matsi ya zube, kuma ko sabon fulogi na kamfani aka sa wutar ba za ta yi ƙarfin tura fistan ba.

Kwamfuta ba ta ganin wannan. Abin da ta sani shi ne sensa ya gaya mata karanshaf yana ɗan rage gudu duk lokacin da layi ya zo kan silinda ta uku. Dalilin kuwa, ko wuta ce, ko mai, ko matsi, ba ta da masaniya. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki lambar da ta fito a matsayin sunan kayan da za a saya, alhali wurin da za a duba kawai ta nuna.

Kafin a ɗauko geji

Garejin na huɗu yana kan hanyar Jos, ƙarƙashin wasu bishiyoyin dogon yaro, na wani dattijon bakanike da yaransa. Bai fara da geji ba. Ya sa an musanya koyil na uku da na ɗaya, aka tayar. Ya riƙa zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya yana saurare. In ya zare na ɗaya, ko na biyu, ko na huɗu, sai injin ya ƙara rikicewa kamar zai mutu. In ya zare na uku babu abin da ya canja. Ke nan matsalar ba ta bi koyil ba, tana nan inda take.

Sai ya yagi takardar buhun siminti, ya zagaya baya, ya riƙe ta a bakin salansa. A lafiyayyen inji takarda waje kawai take kaɗawa. Wannan kuwa tana kaɗawa waje, sai ka ga lokaci-lokaci an fizgo ta ta manne a bakin bututun, fat, ta sake. Ya kalli direban ya ce, "Malam, ka ga wannan? Salansa ba ta shaƙa. In ka ga tana shaƙa, akwai ƙofar da ba ta rufuwa a sama."

Direban ya ce, "Oga, an ce mana zobe ne fa."

"To, bari mu tambayi injin da kansa."

Gwajin takarda alama ce kawai, bai isa a kwance tof a kansa ba. Shi ma bai tsaya a nan ba.

Gwajin

An bar motar ta yi zafi sosai, don ƙarfe ya buɗe zobe ya zauna yadda yake zama a kan hanya, sannan aka kashe aka ba ta 'yan mintuna. Tof ɗin wannan injin alminiyom ne, kuma in aka yi wa fulogi ƙarfi yana tsananin zafi zare yakan biyo shi. An cire koyil huɗu. Kafin a taɓa fulogi, yaro ya hura ramukan da iska, kuma abin da ya tashi daga ciki ya isa ya nuna dalili: ƙurar hunturu ce ta taru a gindin kowane fulogi, wadda da an zare kai tsaye cikin silinda za ta zuba. An jera fulogin a kan kwali bisa lambarsu, ana ƙirgawa daga ɓangaren sarƙar taimin. Uku sun fito da launin ƙasa-ƙasa. Na uku ya fito baƙi, jiƙe, yana warin ɗanyen fetur. An zare soket ɗin nozul duka huɗu don kada fetur ya riƙa feshi yana wanke man da ke jikin silinda, ga kuma haɗarin gobara da ramuka a buɗe.

Gejin irin mai tiyo ne da ake ɗaurawa a zaren fulogi, da hannu kawai, ba da sifana ba. Akwai mai kan roba da ake dannawa, amma a injin da fulogi ke can cikin rami mai zurfi ba ya zama daidai, iska takan tsere ta gefe.

Zagayen farko bai yi ba. Yaron da ke ciki ya murɗa makulli, silinda ta ɗaya ta ba da psi 150 (psi shi ne ma'aunin matsin da geji ke nunawa), ta biyu 138, kuma kunne na jin kik yana ja da ƙyar. Oga ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ƙafarka tana ina?" Ashe yaron bai taka totur ba. In maƙogwaron inji a rufe yake, fistan ba ya samun iskar da zai matse, lamba sai ta faɗi. Batirin ma ya gaji. Littafin gyaran wannan injin ya ce a yi gwajin da cikakken batir, injin na juyawa aƙalla sau 250 a minti, domin in yana juyawa a hankali iska tana samun lokacin sulalewa ta gefen zobe. Da an ci gaba a haka, kowace silinda za ta fi ta gabanta faɗuwa saboda batir na ƙara mutuwa, a ƙarshe a ce inji duka ya gama aiki. Ina zargin injuna da dama an yanke musu hukunci ta wannan hanya. Aka ɗauko batir mai caji daga wata mota, aka sake daga farko, totur a ƙasa, bugu shida-shida ga kowace silinda ba ragi ba ƙari, ana sakin iskar geji kafin a koma ta gaba.

Ta ɗaya ta ba da psi 170. Ta biyu 168. Ta uku 65. Ta huɗu 172.

Lambar ƙarshe ba ita kaɗai ake kallo ba, yadda allura ke hawa ma magana ce. A silinda ukun masu lafiya bugun farko ya cilla allurar kusan 100, na biyu da na uku suka ƙara da tsalle, ta tsaya cak a na biyar. A ta uku bugun farko bai kai 35 ba, daga nan ta riƙa jan ciki, kaɗan-kaɗan, ta maƙale a 65. Zoben da ya cinye yakan fara ƙasa amma ya yi ta tarawa bugu bayan bugu har ya kai wani wuri. Wanda ya fara ƙasa ya kuma ƙi taruwa, rami ne a buɗe. Ko sautin kik ya bambanta: in gejin yana kan lafiyayyar silinda za ka ji injin yana nishi duk zagaye biyu, a kan ta uku kuwa sai ya wuce sumul ba nishi.

Karanta lambobin

Direban ya ga 170 ya ɓata fuska, don wani ya taɓa gaya masa sabon inji yana kai 190. A nan akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Garin Bauchi yana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, kuma iskar da ke nan ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 7 cikin 100. Inji abin da ya shaƙa yake matsewa. Injin da ya ba da 170 a Bauchi zai ba da sama da 180 a Legas, in kuma aka hau da shi Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, zai sauko wajen 160, alhali ko ƙusa ɗaya ba a taɓa a jikinsa ba. Ga kuma geji da geji ba sa faɗin abu ɗaya, musamman masu araha da suka sha faɗuwa a ƙasan gareji. Shi ya sa kwatanta silinda da 'yan'uwanta, da geji ɗaya a rana ɗaya, ya fi kwatanta ta da lambar da aka ji a bakin wani.

Iyakar da kamfanin ya sa wa wannan injin ita ce kada silinda ta gaza psi 145, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce psi 15. Uku sun wuce iyaka da rata mai kyau, bambancinsu 4 kacal. Wannan kaɗai ya rushe maganar cewa inji ya mutu. Zobba tare suke tsufa; da wuya uku su riƙe 170 ɗaya ta faɗi 65 saboda tsufa kawai. Taimin ma ya fita daga zargi, domin in sarƙa ta tsallake haƙori duka huɗun ne za su sauka tare. Gaskit da ya ƙone tsakanin silinda biyu maƙwabta yakan kayar da su biyun kusan daidai, nan kuwa ta biyu da ta huɗu lafiya lau. Saura gaskit da ya ɓalle zuwa hanyar ruwa, amma lagireto ba ya rage ruwa, ba ya kumfa, baƙin mai bai koma launin shayi da madara ba, kuma fulogi na uku baƙi ne, ba fari tas ba irin wanda tururi ya wanke. Abu biyu suka rage: ko zoben fistan na uku ya karye, ko bawul.

Gwajin mai shi ke raba wannan gardama. Oga ya zuƙi baƙin mai da sirinji, cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ya zuba ta ramin fulogi na uku, aka juya injin sau biyu don ya bazu, aka mayar da geji. Hikimar ita ce mai yakan kwanta a kan zobe ya toshe gibin na ɗan lokaci, amma ba ya hawa sama ya toshe bawul. Allura ta tsaya a 70. Ƙarin 5 ba komai ba ne. Don a tabbatar, aka yi wa ta biyu haka, ta tashi daga 168 zuwa 181. Da zobe ne matsalar ta uku, da an ga ta yi tsalle ta tunkari 'yan'uwanta.

Yawan man da ake zubawa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗakin matsi cc 50 ne, wato mililita 50, cokali ɗaya ya riga ya cinye kashi ɗaya cikin goma na wurin, shi ya sa ko lafiyayyar silinda takan ɗan ƙaru. Wanda ya tuttula mai da murfin galan zai ga allura ta haura ko da bawul ne ya ƙone, ya ce ai ga shi zobe ne. In ya wuce gona da iri kuma, mai ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistan. A injin dizal ma ba a wasa da wannan dabara, don matsinsa ya isa ya kunna man, kuma gejinsa daban ne, mai ɗaukar lamba mafi girma.

Wane bawul

Kowace silinda a wannan injin tana da bawul huɗu, biyu na shiga, biyu na fita. Akwai na'ura ta musamman da ke auna yawan iskar da silinda ke zubarwa, amma garejin ba shi da ita. Abin da Oga ya yi shi ne ya zare ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyon geji, irin na tayar mota, ya ɗaura tiyon a silinda ta uku, ya juya injin da hannu har fistan ya kai ƙololuwa a bugun matsi, inda duka bawul huɗu ya kamata su kasance a rufe. Sai aka jawo tiyon mai faci da ke maƙwabtaka aka ba ta iska. Ya tabbatar an cire sifana daga kan fuli tukuna, domin iska tana iya tura fistan ƙasa ta wulwula sifanar ta karya hannu.

Aka bi da kunne. A bakin totur shiru. A lagireto ba kumfa. A murfin baƙin mai akwai ɗan huci siriri, wanda kowane inji ke yi. A bakin salansa kuwa ba sai an kara kunne ba, tafin hannu ma yana jin iska na fitowa. Ya kira Hajiya mai motar, wadda ta iso bayan la'asar, ya ce ta sa hannunta.

"Hajiya, iskar da muke zubawa a gaba ce take fita a nan. Bawul ɗin fita ne. Tof za mu sauke, inji yana nan inda yake."

Ta ce, "Malam, ka tabbata? Kada a buɗe a zo ana ce mini wani abu kuma."

"Tabbas sai Allah, ranki ya daɗe. Amma ga lambobi na rubuta miki. In mun buɗe kika ga saɓanin haka, kada ki biya ni kuɗin aiki."

Washegari da safe, injin ya huce, aka buɗe murfin sama aka auna gibin bawul da filageji, wato siraran ganyen ƙarfe na awo, kafin a kwance komai. Wannan mataki ne da gaggawa kan sa a tsallake, kuma da zarar an sauke kamshaf shaidar ta tafi. Gibin da aka ƙayyade a sanyi shi ne milimita 0.15 zuwa 0.25 ga na shiga, 0.25 zuwa 0.35 ga na fita. Na shiga duka suna cikin iyaka. Na fita yawancinsu sun matse zuwa wajen 0.20. Ɗaya daga cikin na silinda ta uku kuwa ko mafi siririn ganye ya ƙi shiga.

Da aka sauke tof aka kifa shi, ba a sha wahalar nema ba. Bakin bawul ɗin ya ci, an gutsure masa gefe kamar da wutar walda, gibin ya kai faɗin ƙwayar masara, kewayensa fari fat saboda zafi, sauran kuwa launin toka.

Yadda aka kai nan

Bawul ɗin fita shi ne ƙarfen da ya fi shan wuta a inji, zafinsa kan haura digiri 700. Ba ruwa a jikinsa, ba iska mai sanyi kamar na shiga. Mafi yawan zafin yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan kujerarsa, kujerar ta miƙa wa tof, tof ya miƙa wa ruwa. Shekara da shekaru yana bugun kujerar, a hankali yana nutsewa ciki, gibin da ke sama yana raguwa. Ranar da gibi ya ƙare, in inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, kam sai ya riƙe bawul ɗin a ɗan buɗe. Daga nan ba ya sauke zafi, wuta kuma tana bi ta siririyar kafar tana faɗaɗa ta.

Abin takaicin shi ne wannan ciwo ba ya yin ƙara. Bawul mai gibi da yawa yana kaf-kaf-kaf, mai mota ya damu ya kawo gareji, alhali ba shi da haɗari sosai. Wanda ya matse shiru yake yi, mai mota yana ta yabon injinsa ba ya ƙara. Kuma da yake wannan injin ba shi da ƙusar saiti, sai dai a sauya kofin da ke kan bawul da wani mai kauri daban, kusan babu mai duba gibin a garuruwanmu har sai abu ya lalace.

An sami abubuwa biyu da suka taimaka. Nozul na uku, da aka gwada feshinsa a kwalba tare da sauran, ya ba da ƙasa da su a fili duk da wankin da aka yi masa. Silindar da fetur ya yi mata kaɗan ta fi zafi a ƙarƙashin lodi. Direban bai musa ba cewa lokacin layin mai yakan sha na galan a bakin hanya. Na biyu, an daɗe da cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, ruwan rijiya ake zubawa a lagireto. Hanyoyin ruwa na cikin tof sun yi farin dutse da tsatsa, kuma wannan ɓawon yana hana zafi ratsawa daidai wurin da kujerun bawul suke. Agogon zafi a dashbod zai nuna komai lafiya, domin zafin ruwa yake aunawa, ba na kujerar bawul ba. A garin da zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, na fahimci abin da ke sa mutane cire tamostat, amma ba ya magance abin da ake tsoro, kuma ruwan rijiya ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Gyara, da gardamar zobe

An sauya bawul biyu na fita a silinda ta uku, aka yi wa duka 16 garandin, wato aka goge bakinsu don su zauna daidai a kujerunsu, aka sa sababbin sil. An ɗora ƙarfen awo a fuskar tof, lanƙwasar ba ta kai milimita 0.05 da aka yarda da ita ba, don haka ba a kai shi fesin don a goge fuskar ba. Aka kifa shi aka cika hanyoyin da kananzir, aka jira, babu inda ya tsatso. Saitin gibi shi ya fi cin lokaci. Kofunan suna zuwa da kauri daban-daban, tazarar 0.02 tsakanin wannan da wancan, kuma ba a samun su a shago yadda ake so, sai da yaro ya zaga wajen masu tsofaffin tof ya tattaro aka riƙa aunawa ana musanyawa. Wasu gajeriyar hanya suke bi, su goge kan sandar bawul a dutse. Yana yi in hannu ya ƙware, amma in an zarce an cinye taurin ƙarfen. An sa sabon gaskit, aka ɗaure ƙusoshin tof da sifanar awo bisa jeri daga tsakiya zuwa waje, aka sauya nozul, aka mayar da tamostat, aka wanke lagireto aka zuba ruwan kulan.

Tof yana ƙasa direban ya kawo shawarar da kowa zai kawo. "Yaya, tunda an riga an buɗe, a yi ringin ɗin gaba ɗaya mana, a huta da shan baƙin mai."

Maganarsa tana da tushe, kuma a nan ne gwajin matsi yake da iyaka. Fistan yana da zobe uku. Biyu na sama su ke riƙe matsi, na ƙasa aikinsa share mai daga bango ya mayar da shi ta wasu ƙananan ramuka. Geji na saman kawai yake gani. Zoben mai yana iya maƙalewa da dauɗa, ramukan su toshe, musamman a motar da ake jinkirta wa juye, inji ya yi ta shan mai alhali geji yana nuna 170. Man da ke tsallakowa ma yakan taimaka wa lambar ta yi kyau. Don haka lambobin nan uku ba su ƙaryata bakanike na uku gaba ɗaya ba, sun dai nuna ba zobe ne ya kawo kakkarwa ba.

Oga ya juya injin ya sauke fistan ɗaya bayan ɗaya, ya haska bango da tocilan. Zanen gicciye na kamfani yana nan ana gani, ba karce, farce ba ya kama gaɓa a sama. Sil ɗin bawul da aka cire kuwa sun bushe sun yi tauri, wasu suna farfashewa a hannu, kuma su ne ke barin mai ya zirara cikin dare ya fito da shuɗin hayaƙin safe. Ra'ayinsa shi ne a bar kaza cikin gashinta: a rufe, a ga abin da sababbin sil za su rage, domin zobban da ke kasuwa ba duka ne suka kai na kamfanin da ke ciki ba ko da sun tsufa. Hajiya ta lissafa abin da ke hannunta ta bi wannan. Ni ma da shi na fi karkata, ko da yake wanda ya ce a yi aiki ɗaya a gama, a tsira da kuɗin gaskit na biyu, ba za a ce ya yi kuskure ba.

Bayan an haɗa, motar ta yi mako tana zuwa Alkaleri tana dawowa, aka sake ɗaura geji da sharuɗɗan farko: 172, 170, 175, 173. Sulo ya daidaita, wutar cek ba ta dawo ba, hayaƙin safe ya ɗauke. An yi sa'a indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, bai narke ba duk da ɗanyen fetur ɗin da ya sha, wanda shi ne abin da ƙiftawar wutar cek take gargaɗi a kai.

Shan baƙin mai ya ragu amma bai tsaya ba. Har yanzu sai an ƙara kusan lita ɗaya kafin lokacin juye ya yi, wanda ke nuna zoben mai yana da nasa laifin. An shirya direban ya riƙa zare sandar awo duk Juma'a da safe kafin a tayar, a rage tazarar juye, a sake auna gibin bawul da matsi bayan shekara. An rubuta lambobin gwaji biyun da kwanan wata a bayan katin gareji aka ajiye tare da takardun mota. In shan man ya ƙaru, ko fulogi suka fara fitowa da dauɗar mai, to lokacin ringin ya yi, kuma za a sauke fistan ne a wanke ramukan a sa zobe mai kyau. Oga ya ce ko a lokacin, in Hajiya ta fi son injin Beljiyam, da gejinsa da batir zai tafi Kano, a ɗaura wa injin kik a ƙasa a auna silinda huɗun kafin a biya. Lambar za ta yi ƙasa tunda a sanyi ne, amma in ɗaya ta bambanta da sauran za a gani tun a shagon.